Rabon Tsuntsaye

Na ji abin da ɗana Nasiru ya faɗa wa 'yarsa Nana a kan tabarmata, a gidana na Gwadangaji, ranar da ta ce tana son karanta soshiyoloji a jami'a. Ya ɗauka kunnena ya yi nauyi kamar gwiwoyina. Cewa ya yi wannan karatun waɗanda suka rasa gurbi ne, har ya kawo ni misali, wai ni ma da na sami karatun lauya da ban ko kalle shi ba. Ban tanka masa ba a lokacin, don ba a tsinka uba a gaban 'yarsa. Amma tunda na gane haka kuka daɗe kuna ba juna labarina, ku 'ya'yana, to ga shi daga bakin mai shi. An ba ni gurbin lauya, na riƙe shi a hannuna, na ajiye. Ba wanda ya ƙwace mini, kuma na biya abin da ya fi ƙarfin tunaninku kafin in ajiye shi.

Kun san mahaifina ya rasu ina ƙarama, a Argungu. Wanda ya ɗauke ni shi ne Kawu Garba, yayan Inna, malamin gona, mai gida a Nassarawa cikin Birnin Kebbi, tun kafin a ba mu jiha. Ku ba ku san shi sosai ba, sai a hoto da kuma wannan gaisuwar tasa mai sanyi, don haka bari in gaya muku ba a taɓa sona kamar yadda mutumin nan ya so ni ba. Shi ya tsaya kai da fata na yi makaranta lokacin da dangi ke cewa ya isa haka. Idan ya dawo daga aiki a kan babur ɗinsa, kafin ya cire hula sai ya tambayi inda nake. Saboda yawan gardamata ya sa mini suna Lauya, sunan ya bi ni har 'yan unguwa suka manta da Kulu. Yakan zaunar da ni ya kawo magana da gangan a karkace, don kawai ya ji yadda zan warware ta, in na kayar da shi ya yi ta dariya yana buga cinya. A ransa an gama magana: 'yar ƙanwarsa za ta sa baƙar riga ta tsaya gaban alƙali, shi kuma ya zauna a baya yana gyara zaman babbar riga.

Yanzu sai in gaya muku abin da ke fadamar Argungu a wancan zamani, wanda ku ba ku tarar ba. Idan an yanke shinkafa aka tara ta a masussuka, a ƙasa ake bugunta, a wurin da aka share aka daddaɓe. Mai gona ba ya share gefen masussuka, ba ya sa a sake bugun tattakar karo na biyu, zangarniyar da ta faɗi a bayan lauje kuma ba a komawa a tsince ta. Idan yaro mai zafin nama ya ɗauki tsintsiya, sai babba ya ce masa ya bari, wannan rabon tsuntsaye ne. Daga nan a ɗaure buhuna a tafi, kuma mai gona ba ya waiwaye. Sai fili ya yi shiru tsuntsayen ke fitowa, da faifansu da ƙwaryarsu da tsintsiya: zawarawa, da tsofaffin da ba su da mai yi musu noma, da matan da ciwo ya kwantar da mazansu. Su sake bugun tattaka, su share, su sheƙe, su kai gida su turara. Wannan shi ne kala. Mai ƙwazo takan tara abin da zai kai ta har damina ta yi nisa. Ba a taɓa cewa an ba su, su ma ba su taɓa cewa sun roƙa ba, shi ya sa mace za ta yi kala a gonar mutum da safe, da yamma su haɗu a gidan suna su gaisa kai a ɗage. Da wannan Inna ta riƙe kanta da ƙannena bayan rasuwar mahaifinmu. Kawu yakan aika mata da buhu lokacin salla, in ya tambaye ta kuma amsarta ɗaya ce, komai akwai.

A shekarun da nake sakandare aka ɗora wa Kawu aikin rage asarar amfanin gona. Mutum ne da in ya kama abu ba ya saki. Ya bi ƙauyukan fadama ɗaya bayan ɗaya yana nuna wa manoma su shimfiɗa tamfol kafin bugu, su bugi tattaka sau biyu, su share har ƙwayar ƙarshe. Yakan sa a tara abin da aka tsirar a gaban jama'a, mai gona ya ga tulin da ido. Wa zai ga hatsinsa tsibi guda ya ce a bar shi a ƙasa? Aka karɓa hannu bibbiyu, aka yaba masa, aka ƙara masa girma a wurin aiki. Ni ma na yi murna, ni na goge masa takalmi ranar da ya je karɓar yabon.

Shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran jami'a, na je Argungu lokacin kaka. Na tarar da Inna ta rame, tana cewa zazzaɓi ne. Washegari na ce zan bi ta fadama kamar yadda nake yi ina yarinya. Ta yi ta kawo dalili, na nace, muka tafi tare da maƙwabciyarta Tumba, wata tsohuwa mai barkwanci wadda ba ta da ɗa ko jika a raye. Muka bi masussuka bayan masussuka, ko'ina fes kamar an lashe. Rana ta take, abin da ke ƙwaryar mu uku bai isa a ba kaza ba. Tumba ta zauna a kan kunya tana fifita da faifai.

"Kulu, tsuntsayen bana sun ga ta kansu," in ji ta. "An yi ma masu gona wayo na boko."

Inna ta daka mata harara, ta juyo gare ni.

"Abin da kig gani nan, nan za ki bar shi. Ko da wasa kak ki kai ma Yaya."

Na ce to, don ba a ce wa Inna a'a. Amma ranar Juma'a, kafin in koma, na wuce ta ƙofar masallaci na hangi Tumba a zaune cikin layin masu jiran sadaka, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Matar da ban taɓa ganin ta miƙa wa kowa hannu ba. Ta gan ni, na gan ta, kowa ya kau da kai. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Abin da ya hana ni sukuni bayan na dawo Birnin Kebbi shi ne na rasa wanda zan tuhuma. Na saba kowace gardama tana da mai gaskiya da marar gaskiya. Nan kuwa Kawu bai zalunci kowa ba, hatsin na masu gona ne, kowane manomi kuma yana ganin ɗan abin da ya share kaɗan ne, ai sauran gonaki suna nan. Ba wanda ya karya doka, amma ga tsohuwa a ƙofar masallaci. Wace kotu zan kai wannan?

A jikin katangarmu akwai gidan Maman Lami, Kirista ce daga ƙasar Filato, mijinta yana aikin asibiti, ita kuma tana ofishin jin daɗin jama'a. Da Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa da nama, da salla mu aika mata, kuma ita ta koya mini ɗinkin hannu. Wata rana da la'asar ina taya ta gyaran wake na kwashe labarin na gaya mata, ban ambaci sunan Inna ba. Ta saurara har na gama.

"Wannan abin da kike tambaya, ai karatu ne guda a jami'a," ta ce. "Ba ki sani ba?"

Na ce ni dai na san likita, da lauya, da injiniya, sai malanta. Ta yi dariya ta ce haka kowa ya sani. Ta shiga zayyana mini. Akwai masu karanta tattalin arziki, su za su gaya miki buhu nawa aka tsirar da abin da ya ƙara wa kasuwa. Akwai masu kimiyyar siyasa, su ruwansu wa ya ba da umarni, wa zai amfana da shi. Akwai masu nazarin halayyar ɗan Adam, da za su zauna da tsohuwar su ji abin da kunya ta yi wa zuciyarta. Akwai irin nata aikin, na kai ɗauki bayan abu ya riga ya lalace, wanda ta ce kullum a makare suke isa.

"Amma mai tambayar yadda mutane suka ɗaure rayuwarsu da ta juna, har in ka ja zare a nan wani ya faɗi a can, wannan soshiyoloji ne. Ilimin zamantakewa. Sai dai in gaya miki gaskiya, Lauya, ba a yi wa mai shi kirari."

Ban taɓa jin kalmar ba sai ranar, amma na ji kamar an kira sunana. Na riƙe abin a ciki wata da watanni. Sakamako ya fito, aka ba ni gurbin karatun lauya a Sakkwato. Kawu ya yanka rago. Ya bi gidajen abokansa yana faɗa, har tela ya kai wa yadi a ɗinka mini kayan tafiya. Na riga na bincika na ji ana iya sauya fanni a farkon zango, kuma da na ga dama da na tafi na sauya a ɓoye, ya ji daga baya. Ban yi haka ba. Mutumin da ya koya mini gardama ya cancanci in faɗa masa a gabansa.

Ranar wata Asabar ce bayan azahar, yana zaune a barandar tsakar gida yana sauraron rediyo. Na durƙusa na ce ina da magana. Na ce ba zan karanta lauya ba, soshiyoloji nake so. Ya rage muryar rediyon yana murmushi, ya ɗauka irin wasanmu ne.

"Mi a' shi kuma? Ciwo na ko magani?"

Na yi masa bayani gwargwadon abin da na sani. Murmushin ya fara gushewa.

"Wato ki tahi jami'a ki koyo yadda mutane ka zama da juna. Mu da munka tsuhwa cikin mutane, wa ya koya muna? Kulu, ana rabon riga kina zaɓen aljihu. Hwaɗa mani dalili guda wanda hankali ka ɗauka."

Tunda na zo gidan bai kira ni Kulu ba sai ranar. Ya sake tambaya, ya kuma sakewa. Ya ce shi bai rene ni in yi abu babu hujja ba. To, shi ya nema. Na gaya masa abin da na gani a fadama, da Tumba a ƙofar masallaci. Ya ɗaga hannu ya ce kala wasan yara ne da tsofaffi masu neman abin goro, ba wanda ke rayuwa a kansa, shi ma a Argungu aka haife shi.

"Kawu, Inna da shi take ci da mu tun rasuwar Baba. Abin da kac ce asara ta, shi na tuwonmu."

Ban ɗaga murya ba, ban kuma ɗago kai ba, duk wanda ya ce muku na yi masa tsawa ƙarya yake yi. Rediyo na ta surutunsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta fi raɗa ba.

"Tashi ki ba ni wuri. Ki karanta abin da kika so. Amma Lauyata ta mutu yau."

A wancan lokaci gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibai, saboda haka ba da yunwa ya hore ni ba. Abin da ya janye ya fi abinci. Bai kore ni ba, bai zage ni ba, bai taɓa hana ni komai na gidansa ba. In na gaishe shi ya amsa, lafiya lau, shi ke nan. Babu gardama, babu dariya, babu tambayar inda nake in ya sauka daga babur. Ranar tafiyata ya fita tun da sassafe, mijin Maman Lami ne ya kai ni tasha. Ranar da na kammala, kujerar da na tanadar masa haka ta wuni babu kowa. Na yi kuka a ranar, ba na ɓoyewa.

Na Inna kuwa ya fi ciwo. Kwana kaɗan bayan maganarmu sai ga motar da Kawu ya aika ta sauke mata buhunan shinkafa a ƙofar gida, rana tsaka, unguwa na kallo. Da na je yi mata sallama ko zama ba ta bari na yi ba.

"Kin tona mani asiri. Shekara da shekaru ina cin gumina, yau kin maishe ni abin tausai gaban ɗan'uwana. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba, Kulu."

Na ba ta haƙuri a kan zafin da ta ji, don uwa ce. Ban ba ta haƙuri a kan maganar ba. Na ce mata ita tana da yaya mai aiko da mota, Tumba wa take da shi? Ta ce in tafi da iyayina can jami'a. Sai da aka yi damina biyu kafin ta sake sakin fuska da ni. Tumba kuwa ba ta ga ƙarshen karatuna ba.

Ga abin da na koya, tunda Nasiru yana son sanin amfaninsa. Na koyi cewa abin da ya fi riƙe jama'a sau da yawa shi ne wanda ba a faɗa, kuma saboda ba a faɗarsa, ranar da za a rushe shi ba mai tashi ya kare shi. Da wannan na yi aiki har na ajiye. Duk inda za a kawo sabon abu, injin ban ruwa ne, ko rabon filin noman rani, ko matsar da kasuwa, ni ce mai zuwa da tambayar da ke ɓata wa mutane rai: wa ke ci a nan wanda ba a ambaci sunansa ba? An kira ni mai jan aiki baya. An yi taruka da gangan ba a gaya mini ba. Wani lokaci a saurare ni, sau da yawa a yi gaba a bar ni, in an yi karo kuma a dawo ana neman Hajiya Kulu. 'Yan ajinmu da suka yi lauya sun gina benaye a unguwar Badariya, ni kuwa kun san motar da na yi ta turawa kuna jin kunyar a sauke ku a ƙofar makaranta. Na san duk wannan, ba sai an tuna mini ba. Da za a mayar da ni barandar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Saura abu guda, wanda ko mahaifinku ban gaya wa ba. Bayan Kawu ya yi ritaya ya koma Argungu ya kama noman shinkafa a fadama. Ina zuwa gaishe shi duk shekara, ina samun lafiya lau ɗina in dawo. Wata shekara a lokacin kaka, ina goyon autarku, na je aka ce yana gona. Na bi shi. Na tarar ana bugu, shi yana zaune a inuwa da sandarsa, ya tsufa ƙwarai. Tamfol na nan a shimfiɗe, don Kawu ba mai janye maganarsa ba ne. Amma da aka ɗaure buhuna, ma'aikata suka juya za su sake bin tattakar, sai na ji ya ɗaga murya.

"Ku bar ta hakanan. Bugu guda ya isa. Wancan ɓangaren da ba a yanke ba kuma, kak ku taɓa shi."

Wani daga cikinsu ya ce ai akwai hatsi sosai a ciki, Alhaji.

"Na sani. Na tsuntsaye na."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya sa kowa ya kama hanya, shi ma ya juya wa gonar baya kamar yadda ake yi. A nan ya gan ni tsaye. Muka dubi juna. Na ga ya so ya haɗe rai, abin ya ƙi. Muka jero a kan kunya, yana gaba ina biye, har muka kusa bakin hanya. Sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ke, mai karatun zaman mutane. Kak ki sa wanga cikin takardunki."

Bai ce na yi daidai ba, bai sake kirana Lauya ba har ya koma ga Allah, ni ma ban nema ba. Gona guda ce, ba ta dawo da Tumba ba, ba ta dawo da kala a fadama ba. Amma na riƙe masa amanar, ban sa a takarda ko ɗaya ba duk tsawon aikina.

Yau na sa. Allah ya jiƙan Kawu, ya san ni da ƙin jin magana tun ina ƙarama. Nasiru, ka karanta wannan, sannan ka kira Nana ka zaunar da ita, ka tambaye ta abin da ta gani da ya sa take son karatun nan, don ba a son sa haka kawai. In ta gaya maka, ka daure ka saurara har ƙarshe. Ni na san abin da ake rasawa idan uba ya ce tashi ki ba ni wuri, kuma na san ba 'yar kaɗai ke rasawa ba.